Yadda ake ɗaukar jakin da aka yasar, daga bakin hanya zuwa hannun mai riƙo

A bayan garinmu muna da wani fili da muka kewaye da kara muka yi wa rumfa, inda muke ajiye jakunan da aka yasar ko suka ɓace ko suka faɗi da kaya aka bar su. Mu 'yan ƙalilan ne, da wani malamin dabbobi da ya yi ritaya yana duba mana. Tambayar da aka fi yi mana ita ce, idan mutum ya ga jaki kwance ya kasa tashi, daga ina zai fara? Da yawa suna son taimakawa, tsoron kada a ce sun yi sata ne yake hana su, kuma tsoron yana kan hanya. Don haka zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muka bi su da wata jaka aura da aka tsinta a gefen kwata cikin bazara, bayanta duk miki.

Ba a fara taɓa dabbar ba sai da aka ɗauki hotonta a inda take, ta gefen dama da hagu da fuska, da duk wata alama ta lalas ko tsagar kunne. Daga nan aka tsayar da mutum biyu daga masu shaguna na kusa su zama shaidu. Sannan aka duba ko akwai haɗari ga mai taɓawa. Jakin da yake dalalar da miyau, yana cizon jikinsa ko yana kai wa mutane hari ba gaira ba dalili, ana barinsa ne a kira malamin dabbobi, domin cutar haukan kare tana kama jaki idan mahaukacin kare ya cije shi. Tamu lafiyar hankalinta ƙalau, ƙishi da yunwa da ciwo ne suka kwantar da ita. Aka yi mata inuwa da tabarma, aka miƙa mata ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan a roba, aka tallafe ta ta kwanta bisa ƙirjinta da buhun ƙaiƙayi a gefe, saboda jakin da ya daɗe kwance a gefe ɗaya numfashinsa yana yin nauyi, naman gefen da ke ƙasa kuma yana mutuwa.

Ofis na farko shi ne zauren mai unguwa, kuma wanda ya tsallake wannan matakin shi ya jawo wa kansa. Mun same shi bayan la'asar, muka gaishe shi, muka ce, "Ranka ya daɗe, wata jaka muka tsinta a bakin kwata ta kasa tashi, muna neman izini mu kai ta asibiti mu riƙe ta har mai ita ya bayyana." Ya tura yaronsa ya gano da idonsa, sannan ya sa aka rubuta takarda mai ɗauke da kwanan wata, wurin da aka same ta, launinta, alamominta, sunayen shaidu da sunan wanda zai riƙe. Ya sa hannu ya buga hatimi. Babu wani kuɗi da aka yanka mana, sai ɗan abin goro ga yaron da ya je dubawa. Da wannan takardar muka wuce caji ofis aka shigar da rahoto a littafinsu. Nan ne aka fi zaman jira, don sai mai rubutun ya gama da waɗanda suka riga mu. Ku roƙi a rubuta muku lambar shigarwar a bayan takardar mai unguwa, ku yi kwafi biyu, ɗaya a aljihun direba. 'Yan sintiri a hanya suna tsayar da duk motar da ta ɗauko dabba, kuma da gaskiyarsu, tun da satar dabbobi ta yi yawa.

Ɗaukarta ya fi komai cin ƙarfi. Ba a jan jaki da wutsiya ko kunne, ba a kuma ɗaura masa igiya a wuya a ja. Buhunan da ba komai ciki ake zurawa ta ƙarƙashinsa, ɗaya a bayan ƙafafun gaba, ɗaya a gaban ƙafafun baya, mutum huɗu su kama bakunan buhun, na biyar ya riƙe kai. Akori-kura aka juyo da bayanta jikin wani tudu don kada a ɗaga da yawa, aka zuba yashi da ciyawa a ciki saboda santsi. A ranar farko kuɗin motar nan ya fi kuɗin magani, kuma direbobi suna ƙara farashi in sun ga kuna cikin gaggawa, shi ya sa yanzu muke da direba ɗaya da muka yi ciniki da shi tun farkon shekara.

A asibitin dabbobi na gwamnati gara a isa da hantsi. Da sassafe ma'aikata sukan tafi mayanka duba nama, da rana kuma wasu sun fita ƙauyuka. Aka yanki kati da kuɗi kaɗan, aka tambaye mu tarihin dabbar, muka faɗi iya abin da muka gani. Likita ya sa ma'aunin zafi ta dubura. Zafin jikin babban jaki mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.8, bugun zuciyarsa kuma wajen 36 zuwa 52 a minti ɗaya, kuma nata duk sun haura. Ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi, ya ga ya yi fari-fari, alamar ƙarancin jini. Ya kara kunne a cikinta ta gefe biyu don jin motsin hanji, ya ɗebi kashinta don a duba ƙwan tsutsa. Haƙoranta ya duba don ƙiyasta shekaru: haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa wajen shekara 3, na gefensu wajen 4, na ƙarshe wajen 5, kuma nata duk sun sauya sun fara cinyewa. Abin da ya jaddada mana, wanda kuma muka tabbatar daga baya sau da yawa, shi ne jaki ba ya nuna ciwo kamar doki. Doki mai ciwon ciki zai yi ta birgima yana gumi, jaki kuwa sai ya sunkuyar da kai, kunnuwa su faɗi gefe, ya tsaya gaban abinci yana wasa da baki ba ya haɗiya. Wanda ya ga haka ya kira likita a ranar, domin jakin da ya daina ci kitsen jikinsa yana kwarara cikin jini ya lalata hanta, cikin 'yan kwanaki sai a rasa shi.

Mikin bayanta ya ɗauki lokaci mai tsawo, kuma nan na fi jin nauyi a zuciyata, don an riga an shafa masa baƙin mai, ƙuda ya bi ya yi tsutsa a ƙarƙashi. Aka aske gashin da ke kewaye, aka cire tsutsotsin ɗaya-ɗaya da hantsaki, aka yanke mataccen nama, aka wanke da ruwan gishiri. Haɗin ba shi da wuya: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Baƙin mai, toka, ruwan batir da kashin shanu duk suna ƙona sabon naman da yake ƙoƙarin tsirowa, wasunsu kuma suna shigar da ƙwayar cutar titanus, mai sandarar da jiki ta sarƙe muƙamuƙi. Jaki da doki suna cikin dabbobin da wannan cuta ta fi kamawa. Shi ya sa aka yi mata allurar kariya ta gaggawa nan take, aka fara mata ta rigakafi, wadda ake maimaitawa bayan mako 4 zuwa 6. Aka rubuta mana allurar kashe ƙwayoyin cuta da maganin rage zafi, muka fita muka saya a kantin maganin dabbobi. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba, allurar rigakafi kuma kada ku karɓa sai daga firji, ku sa ta cikin ƙanƙara zuwa asibiti.

Akwai magungunan da masu kanti suke miƙawa da kyakkyawar niyya alhali suna kashe jaki. Maganin kaska mai amitraz, wanda ake yi wa shanu da karnuka wanka da shi, yana tsayar da hanjin jaki. Allurar sammore ta shanu, mai diminazin, tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa in aka yi ta da ka. Abincin kaji ma ba a ba shi, saboda wasu ana haɗa su da maganin da yake lalata zuciyar jaki da doki. Maganin tsutsa na ivamektin kuwa ta baki ake ba shi, miligiram 0.2 a kowane kilo na nauyin jiki, wato miligiram 24 ga jaki mai kilo 120. Likita ya jinkirta mata shi har sai da ta fara ci ta ɗan yi ƙarfi, saboda tsutsotsi masu yawa in suka mutu lokaci ɗaya cikin dabba mai rauni suna iya toshe hanji.

Da muka dawo da ita fili, ba a haɗa ta da sauran ba. Muna da wani ɗan kewaye can gefe, da robar ruwansa da igiyarsa daban, inda sabon zuwa yake yin mako 3. Mun ɗauki wannan doka da muhimmanci tun annobar murar dawaki da ta bi Nijar da arewacin Najeriya a 2019 ta kashe jakuna masu yawan gaske, don jaki ɗaya mai tari ya isa ya kwantar da fili gaba ɗaya. Sai dai an ajiye ta inda take hango 'yan'uwanta daga nesa, saboda jaki dabba ce mai son abokin zama, kaɗaici ma yana hana shi ci.

Ciyar da dabbar da ta rame shi ne inda masu tausayi suke yin ɓarna ba su sani ba. Mutum ya ga haƙarƙari a waje sai ya cika kwano da dusa da gero, washegari ciki ya ƙulle ko kofato ya ɗauki zafi. A makon farko busasshiyar ciyawa mai laushi da ɗan harawa kawai muke bayarwa, tafi ɗaya-ɗaya sau da yawa a yini, ana ƙarawa a hankali har mako biyu. Bayan haka jaki mai kilo 120 zuwa 150 yana cin kilo 2 zuwa 3 na busasshen abinci a yini, kashi uku cikin huɗu karmami da ciyawa, kashi ɗaya harawar wake ko ta gyaɗa. Dusa sai wadda ba ta yi fumfuna ba, ita ma cikin gwangwani ɗaya, a jiƙa ta. Ruwa kuwa a bazara ya kan sha lita 20 ko fiye, kuma ya kan ƙi shan ruwa mai datti ko da yana jin ƙishi, don haka kullum sai an wanke roba. Ana ajiye masa gishiri ko kanwa ya lasa. Mikin ana wanke shi safe da yamma, a rufe da tsumma mai tsabta saboda ƙuda. Kofato kuma ana yanke shi duk bayan mako 6 zuwa 10, tun da jakin da ba ya tafiya a ƙasa mai tauri kofatonsa ba ya cinyewa, sai ya yi tsawo ya lanƙwashe.

Yayin da take jinya, cigiya tana tafiya. Malamin unguwarmu ya bayyana mana cewa a mazhabar Malikiyya jaki yana cikin hukuncin tsintuwa, ana cigiyarsa shekara guda, kuma idan mai shi ya zo yana da zaɓi, ko ya biya abin da aka kashe wajen ciyarwa ya karɓi abinsa, ko ya bar shi ga wanda ya ciyar. Saboda haka littafin kashe kuɗi ya zama dole, kowace dabba da shafinta, kowane rasit a manne. An yi sanarwa a ƙofar masallacin Juma'a, an gaya wa shugaban masu ɗiban yashi da na 'yan ga-ruwa, an kuma kai labari wurin dillalan jakuna ranar kasuwa. Ba a faɗin duk alamomi a cikin sanarwa. Ana cewa an tsinci jaka a wuri kaza, sai a bar launi da tabo da tsagar kunne ga mai ita ya faɗa da bakinsa kafin ya ganta. In ba haka ba, duk wanda ya ji sai ya zo ya ce tasa ce.

Mai ita ya bayyana bayan ta miƙe, wani dattijo mai ɗiban yashi. Ya faɗi alamomi daidai a gaban mai unguwa, ya kawo maƙwabtansa biyu suka shaida. Ya ce da ta faɗi ya ɗauka mutuwa za ta yi, ba shi da kuɗin mota balle na magani, kunya kuma ta hana shi dawowa. Yawancin masu yasar da jaki haka suke, talauci ne da rashin sanin inda za su nufa, kuma ni ban ga amfanin tozarta irinsu ba. Muka ce, "Baba, kuɗin magani mun yafe, amma ka kawo mana akumarinka da mangalar mu gani." A nan asalin ciwon yake. Akumarin da buhun leda aka cusa shi, ya taurare, yana zaune kai tsaye kan ƙashin baya. Aka kwance shi aka sake cusa shi da auduga da tsumman atamfa, aka yi shi matashi biyu, dama da hagu, da rami a tsakiya yadda ba abin da zai taɓa ƙashin. Aka nuna masa ya daidaita nauyin mangala gefe da gefe, kada kayan su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jakar, ya riƙa sauke akumari da rana bayan ya sha iska, ya kakkaɓe yashin da ke maƙalewa a gashi. Igiyar leda ta dabaibayi, wadda ta yanka mata ƙafa, aka sauya da faffaɗan tsumma da aka tufka. Ba mu sake ta ba sai da fata ta rufe gashi ya fara fitowa, domin tabon da bai nuna ba kwana ɗaya na aiki ya ishe shi ya buɗe.

Wanda mai shi bai zo ba, idan ya warke muna ba da shi riƙo, kuma kafin shekara ta cika amana ce a hannun mai riƙon, ba mallakarsa ba. Mun fi bai wa zawarawa masu 'ya'ya da tsofaffin da ke ɗebo ruwa daga nesa. Ana rubuta takarda a gaban mai unguwar da mutumin yake: ba zai sayar ba, ba zai ba da aro ga masu ɗaukar bulo ba, za mu riƙa zuwa dubawa, in ya gaza ya dawo mana da shi. Wannan sharaɗin na hana sayarwa saboda masu fata ne. Fatar jaki ana fitar da ita zuwa ƙasar Sin a dafa ta a yi wani magani da ita, abin da ya sa farashin jaki ya yi tashin da talaka ba ya iya maye wanda ya rasa. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024, amma har yanzu duk wanda ya zo mana yana neman jakuna da yawa lokaci ɗaya, bai damu da gurgu ko tsoho ba, mun san abin da yake nema, kuma ba ma ba shi.

Ba kowane ake cetowa ba. Jakin da mota ta karya wa ƙashin ƙafa har ya fito waje, ko wanda titanus ta kwantar ya kasa haɗiya, likita ne yake yanke hukunci a hutar da shi da allura, da sanin mai unguwa, a rubuta a littafi. Ana haƙa rami mai zurfi a binne shi a ranar, saboda naman da ke ɗauke da wannan allura yana kashe karnuka da ungulun da suka ci.

Aikin shekara yana bin yanayi. Da kaka muke sayen harawa da karmami, lokacin da suke da araha, mu ɗaura su bisa rumfa nesa da ƙasa saboda gara, don wanda ya bari sai bazara zai saya ninki-ba-ninki. Da hunturu tari da majina ne suka fi yawa, sai a kare rumfa da zana ta gefen da iska ke shigowa. Bazara ita ce lokacin da fili yake cika: ƙishi, mikin baya, da jakunan da yunwa ta sa suka ci leda a juji hanjinsu ya toshe, waɗanda galibi sai an makara ake ganewa. Da damina kuwa saran adda muke gani a ƙafa da kunne, na jakunan da suka shiga gonar mutane, sai tsutsar ƙuda da ruɓewar kofato saboda tsayuwa cikin caɓi. Maganin ruɓewar shi ne a zuba yashi a tada wurin kwanansu, a riƙa sakace kofato kullum. Rigimar gona kuma mun fi rage ta da roƙon mai unguwa ya yi shela tun kafin shuka cewa wanda ya kama jaki a gonarsa ya kawo shi filinmu a ɗaure har a sasanta diyya.

Abin da ya fi sauyawa a garin shi ne masu jakuna sun fara zuwa da ƙafarsu tun miki yana ƙarami. Ranar kasuwa malamin dabbobinmu yana zama ƙarƙashin bishiya kusa da inda suke sauke kaya, da ruwan gishiri da almakashi da wuƙar kofato, wani tela kuma yana gyaran akumari a gefensa da ɗan kuɗi kaɗan. Yaran da a da suke jifan jakin da ya faɗi, yanzu su ne suke rugowa su gaya mana. A ƙarshen shekara, bayan an gama girbi, muna kai littafin gaban mai unguwa da waɗanda suka ba da gudummawar kuɗi ko dami, a karanta shafi-shafi: wanda ya shigo, wanda ya koma ga mai shi, wanda ke hannun riƙo da sunan unguwarsa, wanda ya mutu da dalilin mutuwarsa, da abin da ya rage a asusu. Da ragowar ake fara sayen harawar shekara mai zuwa a wannan makon.